Cokalin Farko: Amanar Ciyar Da Jariri Daga Wata Shida

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya tanadar wa jariri abincinsa a ƙirjin mahaifiyarsa tun bai san yunwa ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, Muhammad (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a rayuwar yaro ƙarami akwai ranaku biyu da kowane gida ya san da su. Akwai ranar suna, wadda ake yanka rago a tara 'yan'uwa, akwai kuma ranar yaye, wadda ake yi wa shiri a dama kunu a raba sadaka. A tsakaninsu akwai wata rana da ba a gayyatar kowa, ba a ma cika tuna kwanan watanta ba, wato ranar da wani abu wanda ba nono ba ya fara shiga cikin jariri. Lafiyar yara da yawa daga wannan rana take fara karkata. Yaron da aka gani ɓul-ɓul yana wata biyar, sai a gan shi yana wata goma ya rame, gashinsa ya yi ja, gudawa ta ƙi barinsa, a ce haƙori ne, ko a ce baki ne.

Binciken yawan jama'a da lafiya na Nijeriya na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran ƙasar 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57 cikin 100. Binciken ya kuma nuna cewa a cikin yara 'yan wata 6 zuwa 23, kashi 11 cikin 100 ne kawai suke samun mafi ƙarancin abincin da ya dace da su. Talauci yana da kaso mai yawa a wannan, babu musu. Amma akwai kason rashin sani, kuma shi ne wanda za a iya gyarawa yau ba tare da an jira kowa ba. Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa kowane ɗayanmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo. Babu abin kiwon da ya kai jariri rauni, domin ba ya iya cewa ya ƙoshi, ba ya iya cewa abin ya yi zafi, ba ya iya ture hannun da ya danne shi.

Shayarwa shekara biyu, abinci daga wata shida

Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta sanya shekara biyu cikakku a matsayin cikar shayarwa, aya ta 14 a Suratu Luƙman ma ta ambaci yaye a cikin shekara biyu. Wannan ba ya nufin yaro zai rayu a kan nono kaɗai tsawon wannan lokaci. Shari'a ta san da matakin da jariri bai fara cin abinci ba da matakin da ya fara. Ummu Ƙais bint Mihsan (RA) ta kawo ɗanta ƙarami wanda bai fara cin abinci ba wurin Annabi (SAW), ya yi masa fitsari a tufa, sai ya yayyafa ruwa a wurin bai wanke ba. A kan wannan hadisi ne Shafi'iyya da Hanabila suka bambanta hukuncin fitsarin jariri namiji kafin ya fara cin abinci da bayan ya fara, alhali Malikiyya da Hanafiyya suna ganin a wanke a kowane hali. Abin da nassi bai ƙayyade ba shi ne watan da za a fara, sai aka bar wa masana lafiya, kamar yadda aka bar wa manomi sanin lokacin shuka.

Matsayar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda Ma'aikatar Lafiya ta Nijeriya ma take a kai, ita ce a ba jariri nono zalla har ya cika wata 6, daga nan a fara ba shi abinci tare da nonon, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Nono zalla yana nufin babu ruwa, babu kunu, babu dauri, babu jiƙo, sai maganin da likita ya rubuta. Iyaye mata sukan ji tausayin jariri a zafin bazara su ɗiga masa ruwa, alhali fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma ruwa ne tsarkakakke wanda bai bi ta randa ko jarka ba. Idan zafi ya tsananta, a ƙara masa yawan shan nono, uwar kuma ta ƙara shan ruwa. Wanda yake son nema wa jaririnsa tsari, addu'a ta isar masa. Annabi (SAW) ya kasance yana nema wa Hasan da Husaini tsari da addu'a. Ba sai an shayar da ɗan wata biyu wani ruwa da ba a san tsabtarsa ba.

Hanjin jariri kafin wata 6 bai gama yin ƙwari ba, kuma duk kunun da ya cika masa ciki ya rage masa tsotso, idan tsotso ya ragu nonon uwa ya ragu. Jinkiri ma yana da tasa illa. Jariri yana zuwa duniya da ajiyar sinadarin ƙarfe mai gina jini, ajiyar nan kuwa tana ƙarewa wajen wata 6, nono kaɗai ba ya iya mayar da ita. Yaron da aka bari har wata tara ko goma ba a fara ba shi komai ba, ƙarancin jini yana kama shi, kuma yakan yi wuyar sabawa da abinci daga baya. Alamomin shiri a bayyane suke: wuyansa ya tsaya, yana iya zama idan an ɗan tallafe shi, yana bin loma da ido yana miƙa hannu, ya kuma daina turo abin da aka sa masa a baki da harshe. Wanda aka haifa bakwaini ko mai wata lalura, a nemi shawarar ma'aikacin lafiya a kansa.

Zuma da tahniki

Tahniki ya tabbata a sunna. Asma'u bint Abubakar (RA) ta kai jaririnta Abdullahi ɗan Zubairu wurin Annabi (SAW) a Ƙuba, ya tauna dabino ya goga masa a ganɗa, ya yi masa addu'a. Abin da ake gogawa ɗan kaɗan ne ƙwarai, sau ɗaya, daga dabinon da ya narke sarai. Ba ciyarwa ba ce, ba kuma hujja ba ce ta a ci gaba da ba jariri ruwan dabino kullum.

Wasu gidaje suna musanya dabino da zuma, wasu suna zuba ta a ruwa ko a kunu saboda tari ko kumburin ciki. Falalar zuma ba abin jayayya ba ce, aya ta 69 a Suratun Nahli ta ambaci warakar da take cikinta. Sai dai kowane magani yana da mai shansa da lokacin shansa. Zuma, ko da tatacciya ce mai kyau, tana iya ɗauke da ƙwayayen wata cuta da hanjin babba yake kashewa ba tare da ya sani ba, amma a hanjin jariri sai su tsiro su fitar da guba mai kashe jijiyoyi. Yaron zai daina bayan gida, tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya dushe, jikinsa ya saki, numfashinsa na iya tsayawa. Dafa zumar ba ya kashe waɗannan ƙwayoyi. Don haka kada zuma ta shiga bakin yaro sai ya cika shekara 1. Daga nan ya sha abarsa cikin aminci.

Me ake zubawa a kofin?

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya ware babi a littafinsa Tuhfatul Maududi kan renon jarirai. A ciki ya yi nasiha da a bi da yaro mataki-mataki wajen abinci, a fara da mai laushi, sannan a matsa zuwa wanda ya fi shi, nama kuwa sai an dandaƙa shi ya yi laushi sosai. Wasu bayanan nasa ya gina su ne a kan ilimin likitocin zamaninsa, kuma likitancin yau ya yi gyara a kansu, misali ba a jiran fitowar haƙori kafin a fara. Amma ginshiƙin maganarsa, wato bi a sannu, har gobe shi ne ginshiƙi.

Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne tsinkakken kunu. Ana tace gasara, a dama ta ruwa-ruwa domin ta wuce ta bulumboti ko ta yi sauƙin ɗurawa, a zuba sukari, a ce yaro ya sha ya ƙoshi. Cikin yaro ɗan wata 8 abin da yake ɗauka a zama guda bai wuce mililita 200 ba, bai kai rabin ledar ruwan da ake sayarwa a titi ba. Idan aka cika wannan ɗan wuri da ruwan gasara, cikin ya cika amma jikin bai samu komai ba. Kunun da ya dace shi ne mai kaurin da idan aka karkata cokali ba zai zube nan take ba.

Kaurin ma bai isa ba sai an haɗa shi da abin gina jiki. Gero da dawa da masara suna ba da ƙarfi, amma ba su da isasshen abin da yake gina tsoka da jini da ƙwaƙwalwa. A zuba wa kunun garin gyada ko na waken suya da aka soya aka niƙa, ko a yi irin haɗin nan da asibitoci suke koyarwa mai suna Tom Brown, na hatsi da waken suya da gyada. A ƙara ɗan cokalin man gyada ko manja. A dafa wake ya yi luguf a murje shi. A dafa kabewa ko dankalin Hausa mai jan ciki ko karas a dama. A daka busasshen zogale a tankaɗe a barbaɗa, a sa alayyafo a fate. A murje ayaba ko gwanda ko mangwaro nunanne. Sama da duka, a yi ƙoƙari kullum yaro ya samu wani abu daga dabba: dafaffen ƙwai, ko 'yar hanta, ko nama da aka daka, ko kifi da aka tsince ƙayarsa tsaf. Masana sun kasa abincin yara gida 8, nonon uwa yana ɗaya daga ciki, suka ce yaro ya samu aƙalla 5 a kowace rana.

A nan dole a taɓo camfin da yake hana yara ƙwai, wai wanda ya saba da shi zai tashi da sata. Wannan magana ba ta da tushe a Littafi ko Sunna, ba ta da shi a hankali. Tarbiyya ce take hana sata, ƙwai kuwa halal ne mai gina jiki. Abin takaici ne a ga kaji suna yawo a tsakar gida, ana tara ƙwansu a kai kasuwa, ɗan gidan kuma yana fama da tamowa.

Game da yawa, a fara da cokali 2 ko 3 na cin abinci, sau 2 a rana. Daga wata 6 zuwa 8 a riƙa ba shi sau 2 zuwa 3 a rana, ana ƙarawa har ya kai rabin kofi a zama guda. Daga wata 9 a koma sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani, a kuma fara barin abincin da ɗan gudaji masu laushi domin ya koyi tauna. Idan ya shekara sai ya shiga tukunyar gida, a yayyanka masa, a rage yaji. A zuba masa nasa a kwanonsa daban; idan aka haɗa shi da yayyensa a tire ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun share.

Kada a sa wa ɗan ƙasa da shekara 1 gishiri ko dunƙulen ɗanɗano ko kanwa, ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba. A nisanta shi da lemon kwalba da alawa da yawan sukari. Shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe daga abinci, ba abin shan jariri ba ne. Madarar shanu da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da cututtuka, ciki har da tarin fuka. Ƙwai da gyada da kifi kuwa, a gabatar da su ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, da rana, domin a gane idan jikinsa bai karɓi wani ba. In aka ga borin jini ko kumburin leɓe da fuska ko amai nan take, a dakatar da wannan abincin a je asibiti. In numfashi ya sauya, a tafi a guje.

Ɗura

Kowa ya san yadda ake yin ta. A kwantar da yaro a cinya, a matse ƙafafunsa da hannayensa, a tara tafin hannu a bakinsa a zuba kunu, a toshe masa hanci. Idan ya buɗe baki neman iska sai kunu ya wuce. Uwar da take yin haka ba mugunta take nufi ba, so take ɗanta ya ƙoshi, haka kuma ta ga an yi wa ƙannenta. Amma a maƙogwaro hanya biyu ce, ta abinci da ta iska, kuma yaron da yake kuka yana fizgar numfashi hanyar iskarsa a buɗe take. Kunun da ya bi ta nan huhu yake sauka. Idan da yawa ne, yaro na iya shiɗewa a cinyar uwarsa kafin a kai ƙofar gida. Idan kaɗan ne, bayan kwana ɗaya ko biyu zazzaɓi da tari da saurin numfashi su taso, a ce sanyi ne ya kama shi, alhali nimoniya ce da kunu ya haddasa. Wanda ya tsira daga wannan kuma yakan tashi yana tsoron abinci, da ya ga kofi sai kuka, sai a ce ai ba ya ci sai da ɗura, ita ɗurar kuwa ita ta mayar da shi haka.

A zamanin Annabi (SAW) matan Larabawa suna da wata al'ada ta danna maƙogwaron yaro da yatsa idan yana ciwon wuya. Ummu Ƙais ɗin nan da aka ambata ta shigo da ɗanta bayan ta yi masa haka, sai Annabi (SAW) ya yi inkarin abin, ya nuna musu hanya mafi sauƙi, a wata ruwayar kuma ya kira shi azabtar da yara. Su ma don ƙauna suke yi, su ma gada suka yi, amma kyakkyawar niyya da daɗewar al'ada ba su hana shi hanawa ba. Ƙa'ida ce tabbatacciya a fiƙihu cewa cuta gusar da ita ake yi. Wanda aka sanar da shi haɗarin ɗura ya ci gaba da yi, ba shi da uzurin rashin sani.

Abin da zai maye gurbinta haƙuri ne. A zaunar da yaro a miƙe a cinya, fuska da fuska, a lokacin da yake farke bai gaji da kuka ba. A ɗebo kaɗan a ƙaramin cokali, a jira ya buɗe baki da kansa, ana yi masa magana ana murmushi. Idan ya kau da kai ko ya rufe baki, a dakata, a sake gwadawa an jima. Yaro na iya ƙin sabon abinci sau da yawa kafin ya karɓa, wannan ɗabi'a ce, ba cuta ba. A bar shi ya taɓa, ya ɓata hannu, ya kai baki da kansa. A yi masa bisimilla a bayyane, da haka zai tashi da ita. Sannu ba ta hana zuwa. Idan kuwa yaro ya ƙi ci ya ƙi sha gaba ɗaya, wannan alamar rashin lafiya ce, asibiti take nema.

Abin da yake maƙalewa

Hanyar iskar jariri ba ta wuce kaurin ɗan ƙaramin yatsansa ba, kuma ba shi da turamen haƙoran da za su niƙa abu mai tauri. Ƙwayar gyada guda ta isa ta toshe ta. Haka aya da gurjiya da gugguru da ƙuli-ƙuli da alawa mai tauri da ƙwallon dabino da inabi da ɗanyen karas da gutsuren tsire. Gyada da danginta ba a ba yaro su a ƙwaya sai ya kai shekara 4 zuwa 5. Kafin nan sai dai a niƙa. Kada a ba shi abinci yana kwance, ko yana rarrafe, ko yana goye a baya, ko a cikin mota tana tafiya. Kada a bar shi da abinci shi kaɗai, kada kuma a bar wa yarinya 'yar shekara shida ciyar da shi, domin abin da yake shiga bakin jariri ba da sanin uwa ba yakan fito daga hannun yayyensa.

Ya kamata kowane baligi a gida ya san abin yi idan abu ya maƙale. In yaron yana tari da ƙarfi ko yana kuka, iska tana wucewa, a bar shi ya yi tarin, ana kallonsa. In ya yi shiru, ba kuka ba tari, leɓensa ya fara sauya launi, to hanya ta toshe. A kifa shi a kan damtsen hannu ko cinya, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, a tallafe haɓarsa, a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu har sau 5. In bai fito ba, a juyo shi rigingine, a sa yatsu biyu a tsakiyar ƙashin ƙirji, ƙasa kaɗan da layin nonuwansa, a danna sau 5. A ci gaba da sauyawa tsakanin biyun, wani kuma yana neman abin hawa zuwa asibiti. Kada a zura yatsa ana lalube, yana ƙara tura abin ciki. Sai wanda ake gani ƙuru-ƙuru za a cire. Kada a ba shi ruwa. Wannan bayani na ɗan ƙasa da shekara 1 ne, kuma ya fi kyau uwa ta roƙi ma'aikaciyar asibiti ta nuna mata a aikace ranar awo ko rigakafi.

Tsabta

Da zarar an fara ba yaro abinci, ƙofar gudawa ta buɗe, gudawa kuwa tana cikin manyan masu kashe yara a ƙasashenmu. Ba haƙori ne yake kawo ta ba, lokacin fitowar haƙori ne ya dace da lokacin da yaro yake kai komai baki. A wanke hannu da sabulu kafin a dama, kafin a ba shi, da bayan an yi masa tsarki, a wanke nasa hannun shi ma. A tafasa ruwan shansa. A bar bulumboti, domin wanke lungunansa yana da wuya. Kofi da cokali sun fi aminci. Dafaffen abincin da ya wuce awa 2 a ajiye a zafin garinmu ƙwayoyin cuta sun fara yawa a cikinsa, don haka kunun da aka dama da asuba ba na la'asar ba ne. A dama kaɗan, a ba shi, a sake damawa. Umarnin da Annabi (SAW) ya yi na rufe ƙwarya da ɗaure bakin salka ya fi cancanta a kiyaye shi a kan kofin jariri.

A duba hatsin ma kafin a niƙa. Gyada da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da guba mai lalata hanta, wuta ba ta kashe ta. A tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta motse ko take ɗaci, a zubar, kada a ce asara ce. Inda ake haƙar ma'adinai kuwa, a tuna da abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara kimanin 400, saboda ana daka duwatsun zinariya ana niƙa su a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a ƙasar da yara suke rarrafe da abincin da suke ci. Turmin abinci da injin niƙan hatsi ba sa haɗuwa da dutsen ma'adini.

In gudawa ta zo, kada a daina shayarwa, kada a daina ba da abinci. A ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, wato ORS, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. In ya kasa sha, ko idanunsa suka faɗa, ko aka ga jini a bayan gidansa, a kai shi asibiti a ranar. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana na mako 2 domin ya mayar da abin da ya zube.

Yaye da kwanika

Fara cin abinci ba sallamar nono ba ce. Daga wata 6 zuwa 12 nono yana biya wa yaro rabin buƙatarsa ko fiye, a shekara ta biyu kuma kusan kashi 1 cikin 3, ga kariya daga cututtuka. Ibnu Sa'ad ya ruwaito a Ɗabaƙat cewa Halifa Umar (RA) yana gadin wani ayari da dare tare da Abdurrahman ɗan Aufu, sai ya yi ta jin kukan wani jariri. Da ya matsa wa uwar da tambaya, ba ta san ko wane ne ba, ta gaya masa cewa tana tilasta wa yaron yaye ne domin Umar ba ya yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Umar ya yi kuka a sallar asuba, ya sa aka yi shela cewa kada a gaggauta yaye yara, kowane abin haihuwa yana da kasonsa tun daga haihuwa. Shugaba ne ya sauya dokar ƙasa saboda kada a cire jariri ɗaya daga nono kafin lokacinsa.

A wurinmu abin da ya fi jawo yayen gaggawa shi ne kwanika. Da an ga uwa ta samu ciki sai a ce nononta ya ɓaci, a shafa maɗaci, a kai yaron gidan kaka a yini ɗaya. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Annabi (SAW) ya yi niyyar hana gila, sai ya lura Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, ya fasa. Malik ya fassara gila da saduwa da mai shayarwa, wasu malamai kuma suka fassara ta da shayarwar mai ciki. Likitoci ma sun tabbatar nonon mai ciki ba guba ba ne, matuƙar cikin lafiyayye ne. Abin da take buƙata ƙarin abinci da zuwa awo. Abin da yake kayar da yaron shi ne a raba shi da nono da uwa a rana ɗaya, bai saba da abinci ba. Ibnul Ƙayyim ya yi gargaɗi a kan yayen farat ɗaya, ayar Baƙara kuma ta ɗora yaye kafin shekara biyu a kan yardar uwa da uba da shawararsu.

Nauyin maigida

Wannan ayar dai ita ce ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali. Maigidan da yake tsayawa wurin mai shayi ya ci ƙwai uku, ya biya wurin mai tsire, sannan ya shigo gida da gero kawai, ya sake lissafi. Ƙwai ɗaya da ɗan kifi da gwangwanin gyada ba su fi ƙarfin mafi yawanmu ba. Shi ne kuma ya fi dacewa ya yi wa mahaifiyarsa bayani cikin ladabi da taushin murya idan ta nace a kan ɗura ko dauri, domin suruka ba ta iya musu da uwar miji. Kakanni ma abin da suke so jikansu ya rayu. Idan aka fahimtar da su, su ne za su fi kowa tsare shi.

Ya bar matarsa ta kai yaro awo da rigakafi, ya ba ta kuɗin mota. A can ne ake ba da sinadarin bitamin A duk wata 6, a can ake auna damtse da ɗan tef mai launi, wanda idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaro yana cikin tamowa mai tsanani. Kumburin ƙafafu biyu ma alamarta ce, ba ƙiba ba ce. Abincin leda na gyada da ake ba irin waɗannan yara magani ne da aka ƙidaya wa mai shi. Wanda ya sayar da shi, ko ya raba wa lafiyayyu, ko ya shafa a burodi, ya ci amanar marar lafiyan da ba ya iya kai ƙara.

Ɗalibai da malaman Islamiyya, musamman na azuzuwan matan aure, su sanya wannan a cikin darasin haƙƙin 'ya'ya, kusa da zaɓen suna da aƙiƙa da tarbiyya. Limamai su faɗe shi a wurin raɗin suna, inda iyaye maza suke a tare.

Allah Ya raya mana zuriyarmu cikin lafiya da imani, Ya sanya su sanyin idanunmu, Ya yalwata wa iyaye abin da za su ciyar da su na halal, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ne Mafi sani.